Kai Ne, Yaya

Kawu ya rasu ranar wata Talata da rana, yana zaune a kujerarsa ta roba, rediyo na magana, shayinsa bai ko huce ba. Mama, matarsa, ta fito daga kicin ta ce ya ɗaga ƙafa za ta yi shara. Bai ɗaga ba. Shi ke nan. Ba asibiti, ba wasiyya, ba sallama. Dama haka yake tun yana da rai. Idan ya gama abin da ya kawo shi gidanka, tashi yake ya tafi, sai ka waiga ka ga ƙofa a buɗe.

Ni ban yi boko mai nisa ba, rubutu kuma wahala yake ba ni. Amma na ga yadda ake mantawa da mutum a garin nan. Yau an yi kuka, gobe kowa ya ruga ya kama jirgin ƙasa ya tafi aiki. Shi ya sa na zauna zan faɗi abin da na sani.

Kafin yamma gidan nasu da ke unguwar Brickfields, a nan ƙasar 'yan Malay, ya cika, har kan matakala. 'Yan zumuntar mata sun zauna a ƙasa sun kewaye Mama, suna waƙa suna share hanci. 'Yan makaranta sun zo daga Bukit Jalil, yaran Kaduna da na Filato, kowa da waya a hannu, sun tsaya jikin bango ba su san inda za su ajiye idonsu ba. Tsohon Ba'indiyen da ke ƙofa da ƙofa da su ya shigo da ƙunshin shinkafa da miyarsu ta kori, ya ajiye, ya tsaya gaban hoton Kawu ya haɗa tafukansa, ya fita. Duk wanda ya shigo abu ɗaya yake faɗa: mutumin kirki ne, mutumin kirki ne. Amma na lura idon kowa sai ya leƙa baranda. Wata ta riga ta ɗauki zane ta lulluɓe abin da ke tsaye a can, wata doguwar aba mai tsawon mutum. Na ji wata dattijuwa ta ce wa ta kusa da ita, ƙasa-ƙasa, "Ubangiji dai ya gafarta masa wancan."

"Giyar ko ɗayan?"

"Duka biyun."

Fasto ya ce za a yi sujadar ban kwana ranar Asabar kafin a tafi da gawa gida. A wurinmu ɗan mamaci ne ke tashi ya ba da tarihin ubansa, in ba ɗa sai 'ya. Kawu kuwa 'ya ɗaya gare shi, a nan aka haife ta, a nan ta yi karatu, yanzu tana aikin ofis. Fasto ya dube ta. Ta ce a'a. Ya ɗauka nauyin zuciya ne, ya ce ta yi tunani. Ta sake cewa a'a, ta tashi ta fita.

Na same ta a matakala. Hausarta gutsi-gutsi ce, rabi Turanci, tana ƙarasa magana da lah irin na 'yan ƙasar nan, amma na gane ta sarai.

"Ankul, me zan ce? In tashi a gaban coci in ce ubana mai dafa giya ne? Wannan ma da sauƙi. Ni na gan shi da idona. Yana zuba wa ƙasa, yana magana da wani da ba ya wurin. Tun ina ƙarama nake gani ta gilashi. Ba zan tsaya a gaban bagadi in yi ƙarya ba lah."

Na buɗe baki, aka kira ni a ɗauko kujeru. Na tafi da maganar a raina. Mutum ya haifi 'ya ɗaya tak a duniya, a ce wani can ne zai tashi ya karanta sunansa daga takarda.

Kawu ba ƙanin uwata ba ne na jini. Unguwarsu ɗaya da ita a ƙauye, can kan dutse, shi ya sa nake kiransa haka. Na zo ƙasar nan da sunan karatu, da shekaruna da furfurata da ta fara leƙowa. Wanda ya kawo ni ya ɓace, makarantar kuma ashe ɗaki biyu ce a saman wani shago. Na koma dako a kasuwar Chow Kit. A can Kawu ya tsince ni, ya zo sayen busasshen kifi, ya ji na zagi wani buhu da yarenmu. Ya ce, "Ɗan wa?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ajiye buhun." Washegari na fara bin sa gyaran na'urar sanyaya ɗaki, esi.

Mutum ne mai wahalar zama. Ban taɓa jin ya ce aikina ya yi kyau ba. Idan na ɗaura bututu ya duba, abu biyu ne: ko ya ce "Kwance ka sake," ko ya yi shiru. Shirun nan shi ne yabo. Idan ya ji daɗinka ƙwarai, sai ya tsaya a mamak, shagon masu shayi, ya saya maka gurasar roti da shayi, ya zauna yana kallon titi kamar ba tare kuke ba. Duk daɗewarsa a ƙasar nan, kalma ɗaya ya riƙe a yaren Malay, boleh, wato zai yiwu. Da ita yake ciniki, da ita yake gaisuwa, da ita yake faɗa. Ya ce sauran surutu ne. Ba ya zubar da guntun jan ƙarfe ko kamar ɗan yatsa. Ubansa ya yi haƙar kuza, shi kuma ya taso yana ganin ƙarfe kamar abin da ke da rai. Yakan shafa bututu da babban yatsa ya ce, "Wannan ya sha wuya a hannun wani."

To, ina shan giya. Ban ɓoye wa kowa ba, ba kuma yau zan fara ba. A lokacin nan wadda aljihuna ya iya ita ce ta bayan layi, wadda baƙin leburori ke saya a kwalba mai takarda kyakkyawa, cikinta kuwa Allah kaɗai ya san abin da aka zuba. Wata rana mun tashi aiki, kwalbar ta faɗo daga jakar kayan aiki. Kawu ya ɗauka, ya buɗe, ya shinshina. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya tuntsurar da ita a ƙasa gaba ɗaya, ina kallo.

Na ce, "Kawu, da gumina na saya."

Ya ce, "Za ka daina?"

Na ce, "Ƙarya ba kyau. Ba zan daina ba."

Ya dube ni. Na jira wa'azi, don dattijo ne a coci. Sai ya ce, "To. In dole sai ka sha, za ka sha wadda na san kanta da wutsiyarta."

Daga nan aka fara abin baranda. Ya san doka ba ta yarda ba, ni ma na sani. Ina faɗa yanzu ne don abin an riga an wargaza shi, mai shi kuma ya tafi inda ɗan sanda ba ya zuwa.

Tukunyar ta Mama ce, babbar da take dafa shinkafar Kirsimeti. Ta dawo daga kasuwa ta tarar ya huda murfin. Ranar na ji Hausa da yarenmu da Turanci duk a numfashi ɗaya.

"Tukunyata? Wadda na ɗauko tun daga Jos a kaina?"

"A jirgin sama kika zo."

"To a cinyata! Ka rasa abin da za ka huda a gidan nan sai ita? Huda kanka mana, ko iska za ta shiga!"

Ya ce, "Boleh." Ta jefe shi da ludayi. Ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba ta kallonsa, amma ita ce daga baya ta riƙa aje masa tsofaffin kwalaben zuma.

Ni abin da na sani a gida shi ne na masu dafa giyar ogogoro: ganga, bututu, ruwan sanyi, shi ke nan. Kawu ya ce wannan aikin gaggawa ne. Ya samo wani bututun jan ƙarfe mai kauri daga wani otal da ake rushewa, ya tsayar da shi a kan murfin, dogo har kafaɗata. Ya cusa masa soson jan ƙarfe irin na wanke tukunya. Ya naɗe siririn bututun esi a sama, ruwan sanyi na bi ta ciki. Na ce duk wannan na mene ne? Ya ce tururi zai hau, ya ji sanyi, ya koma ƙasa, ya sake hawa, ya sake komawa, har sai mai tsabta ne kaɗai zai kai sama ya fita. Na ce ashe abin ma irin halinka gare shi, kwance ka sake. Bai yi dariya ba, amma ranar na ci roti.

Faɗan da muka yi da shi babba a kan liƙi ne. Ya aike ni sayen sandar liƙin bututu, ya ce ta kuza zalla. Na je na ga wata mai sauƙi, iri ɗaya a ido, na kawo. Ya goga ta a takarda, ta bar baƙin layi. Ya ce, "Da dalma a ciki, guba ce." Na ce Kawu ɗan ɗigo nawa ne zai shiga, ai ba sha za a yi ba. Ya cilla ta ta baranda, daga hawa na sama har titi, ya ce in fita masa daga gida. A gaban Mama, ni da furfurata. Har yau ina ganin abin ya yi yawa, da ta faɗo a kan wani fa? Na yi fushi na daina zuwa aiki.

Shi ya biyo ni. Ya same ni a Chow Kit a bayan masu kifi, ya zauna a kan kwandon roba, bai ce yi haƙuri ba, don bai iya ba. Ya ce, "Ina da wa."

Ban taɓa ji ba.

Ya ce wansa ne ya riƙe shi bayan ubansu ya mutu, shi ya kai shi koyon aiki. Wata ranar kasuwa wan nasa ya je wurin wani mai dafa ogogoro, ya iske an fara ɗiga ke nan. Mai giyar ya cika masa kofi da na farkon, wai shi ne mai ƙarfi, na manyan baƙi. Na farkon nan shi ake kira kai, kuma a cikinsa mugun abu yake taruwa. Kai da jiki da wutsiya, haka ake raba ta, jikin ne kaɗai na sha. Wan nasa ya dawo gida yana waƙa. Da gari ya waye ya ce wa Kawu ya buɗe taga. Kawu ya ce a buɗe take. Ya ce to kunna fitila.

"Ni na riƙa jan sandarsa," in ji Kawu. "Bai daɗe ba ya rasu. Ina wurin ranar da ya sha. Ina tsaye kusa da shi, riƙe da kekensa. Ban san komai ba a lokacin." Ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Gobe akwai aiki a Bukit Jalil. Ka zo da tsani."

Ranar da abin ya fara ɗiga, rana ce tsaka, hadari na haɗuwa, ƙanshin turaren gidan ibadar Indiyawa da na kori sun rufe mana asiri. Kawu ya tara ɗan kofin gwangwani. Da ya taru, ya ɗauka ya je kusurwa, inda ya ajiye wani tsohon bokitin fenti cike da ƙasa. Ba ya zubawa a kwata, ya ce bai san inda za ta bi ta je ba. Ya juye kofin a ƙasar, ya ce a hankali, "Kai ne, Yaya. Kar ka sha."

Haka yake yi kullum, bai taɓa tsallakewa ba. Maganar da ya kamata ya faɗa wa wansa ranar kasuwar nan ce, bai samu faɗa ba.

Shi kansa ba mashayi ba ne. Murfin kwalba ɗaya ranar Kirsimeti, ya yamutsa fuska ya ce ba laifi. Bai taɓa sayar wa kowa ba. Yara sun zo sun roƙa, ya kore su. Yana jiƙa wa tsofaffi saiwa a ciki don ciwon gwiwa, har da wasu da ke cewa Ubangiji ya gafarta masa. Ni kuwa dokata uku ce: sai na ci abinci, sai a gabansa, kuma kofin shi ke zubawa. Kofin nan na lura kowace shekara ƙanƙancewa yake. Na yi magana ya ce idona ne. To, idon nawa ne. Ina da sanin mutanen da muka yi dako tare, muka sha kwalba iri ɗaya, aka mai da su ƙasarsu ana riƙe da hannunsu. Idon da nake rubutun nan da shi, Kawu ne ya bar mini.

Ranar Juma'a da safe Fasto da dattawa sun tafi neman takardun gawa, gidan ya ɗan yi sauƙi. Mama ta kira ni. Muryarta ta dushe. Ta ce, "Ya bar aiki a bokiti, jiƙon mazarƙwailarsa ya nuna tun shekaranjiya. Ba ya son a bar aiki rabi. Ka ƙarasa masa, sannan ka wargaza abin, ka ba ni tukunyata."

Na yaye zanen. Na haɗa komai yadda ya koya mini, na kunna wuta. Na ga 'yar Kawu a tsaye bayan gilashi, hannu a ƙirji, inda ta saba tsayawa tun tana yarinya. Na buɗe ƙofar.

"Ƙanwata, shigo."

"Ba na son warin."

"Ni ma ba na son warin ofishinku. Shigo ki gaya mini abin da kike ji yana faɗa."

Ta shigo ƙafa ɗaya. Ta ce, "Yana cewa, kai ne, Yaya. Yana kiran ɗan'uwansa da ya mutu. Yana gane shi ya zo, yana ba shi sha. Na tambayi wata anti a coci tun ina sakandare, ta ce abin mutanen dā ne, in yi masa addu'a."

"Sake faɗa."

Ta sake. Sai na ji inda abin ya karkace. A bakinmu, kai da ake ce wa mutum daban, kai na bisa wuya daban. Na farkon a sama yake tsayawa, na biyun faɗowa yake. Jariri a gida ya san wannan tun bai iya tafiya ba. Ita kuwa a nan ta tashi, kunnenta bai raba su ba. Ga gilashi a tsakani, ga Kawu da ƙarasa magana cikin gemu. Rabin farko take ji, shi ma a juye.

Na dafa kaina na ce, "Wannan kan. Ba kai wane ba." Na nuna mata bakin bututun da ya fara ɗiga. "Ga shi nan yana fitowa. Sunansa kai. Guba ne. Ba ba shi yake ba, hana shi yake. Kai ne, Yaya, kar ka sha."

Na gaya mata sauran, da kasuwa, da keke, da taga. Na gaya mata kwalbar da ta faɗo daga jakata. Na ce, "Kina tambaya me ya sa ya ɓata shekarunsa a baranda. Ga dalilin a tsaye gabanki da tumbi. Bai iya hana ni sha ba, sai ya hana ni makancewa."

Ta dubi bakin bututun. Jirgi ya wuce ta can wajen tasha, gilashin ya yi ɗan rawa. Ta ce, "Me ya sa bai gaya mini ba?"

Mama ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Ni da na aure shi sai da na haife ki ya gaya mini yana da wa. Ke kin taɓa tambayarsa? Ku biyun hali ɗaya, kowa na jiran wani ya fara."

Kofin ya taru. Na ɗauka zan nufi kusurwa, ta miƙo hannu. Na ba ta. Ta durƙusa gaban bokitin fentin da kayan ofishinta, ta dubi ƙasar da ko ciyawa ba ta taɓa tsirowa a kai ba. Ta juye a hankali ta ce, "Kai ne, Baba."

Ta sake karkata kalmar. A sama ta tsayar, kai na mutum. Na buɗe baki zan ce kwance ki sake, Mama ta riƙe mini hannun riga.

"Ƙyale ta," in ji ta. "Daidai ta faɗa."

Ranar Asabar ta tashi a gaban ikilisiya ba takarda a hannunta. Da Turanci ta yi, da sauri, ban kama duka ba. Na dai ji ta ambaci wan ubanta, na ji ta ambaci taga, na ga dattijuwar nan ta sunkuyar da kai tana murza gwiwarta. Ba ta ɓoye tukunyar ba, ba ta kuma ba da haƙuri a kanta ba. Fasto ya yi tari sau ɗaya, ya bar ta ta gama.

Abin na wargaza shi da hannuna. Mama ta karɓi tukunyarta, ta dubi hujin murfin ta ce a bar shi haka, tururi zai samu hanya. Dogon bututun yana wurin 'yar Kawu, ta goge shi ya yi ja, ta jingine shi a ɗakinta. Kofin gwangwanin yana wurina. Ban zuba komai a ciki ba tun ranar, don ba ni na saba zubawa ba.

Kawu, ban taɓa ce maka na gode ba, kai ma ba ka taɓa ce mini sannu ba, mun yi kunnen doki. Yanzu na faɗa, na riga ka. Ubangiji ya karɓe ka da hannu biyu, ya ba ka wurin hutawa mai sanyi wanda ba sai an gyara ba. Ya riƙe Mama, ya riƙe 'yarka. In ka ga Yayanka, ka gaishe shi. Ka ce masa taga a buɗe take.